Jar Rigar da Ba a Taɓawa

Nuwamba

Zuwa ga Kawuna Cleophus,

Bayan gaisuwa mai yawa da fatan alheri, ina fata kana lafiya, kai da Anti Vernell da duk mutanen Sawyer Bend. Yaya gwiwar? Yaya kunnen? Amsar ta biyun na san ta, shi ya sa ma na ɗauki biro. Ranar Lahadi na yi ta ƙwala maka kira a waya har maƙwabcinmu ya buga bango, kai kuwa kana can kana tambayar wa ke magana. Saƙon waya kuma ka ce yatsunka sun fi ƙarfin 'yan maɓallan. To ga takarda, ita ba sai an ɗaga murya ba.

Mu nan lafiya lau, sai sanyin arewa. Matata Shondra na gaishe ku. Har yau ba ta yafe wa garin nan ba. Ta ce duk faɗinsa babu mai soya tarwaɗar kirki, burodin masararsu kuma sukari ne zalla, wai mutumin Alabama ba zai kira wannan burodi ba.

Anti ta ce ka zauna gaban talabijin tun daga farkon wasa har aka tashi kana nemana, da ba ka gan ni ba ka ce ko dai an kore ni ne ina ɓoye maka. Ba a kore ni ba, Kawu. Ina nan gefen fili da hulata, a bayan mai rarraba ruwa. Tunda kai ɗan besbol ne, kuma ka rantse ba za ka taɓa gane wasan da ake sa kwalkwali a yi ta karo kamar raguna ba, bari in sake yi maka bayani, amma daga wannan ba ƙari.

Masu jifa, wato masu jefa wa 'yan wasanmu ƙwallo su cafke, uku ne a kulob ɗinmu. Brandt ne na ɗaya, shi kake gani kullum. Akwai na biyu, mai jiran Brandt ya ji ciwo. Sai ni, mai jiran mai jira. Aikina daga Laraba zuwa Juma'a yake. Duk kulob ɗin da za mu kara da shi ranar Lahadi, ni nake zama mai jifansu a filin atisaye, don 'yan tsaronmu su saba da shi tun kafin su haɗu. A ba ni bidiyonsa in koyi yadda yake tsayuwa, yadda yake ɗaga ƙafa, har yadda yake lasar yatsa kafin ya karɓi ƙwallo. Makon jiya wani dogo ne ni, mai gudu kamar an ɗora masa firji a baya. Wancan makon bahago ne, na kuwa yi jifa da hagu har 'yan tsaro suka yi mini tafi. Koci Haldorsen, mai kula da su, ya ce tunda yake bai taɓa ganin mai kwaikwayo irina ba. Ba na ɓoye maka, kaina ya ɗan fasu.

Ka gaya wa Anti ta kwantar da hankalinta, ko ƙwarzane babu a jikina. Da jar riga mai jifa yake atisaye, kuma dokar ita ce ba mai taɓa mai jar riga. Ƙato zai taho a guje, ya zo dab da ni ya ja birki, ya dafa kafaɗata ya ce, "Ka mutu, ɗan'uwa," koci ya busa usur, shi ke nan. Rabon da a kai ni ƙasa tun wasana na ƙarshe a jami'a.

Abu ɗaya ne na daɗe ban saba da shi ba. Kafin kowane jifa Haldorsen yakan ɗaga kati mai zanen inda kowa zai gudu, da jar da'ira a kan mutum ɗaya. Shi zan jefa wa, ko da mutum uku ne a kansa, don ba a ajiye ni in ci 'yan tsaronmu ba, an ajiye ni ne su koyi cafke ƙwallon abokan gaba. Farkon zuwana na hango wani a sake ba mai tsaronsa, na bar da'irar na jefa masa. Ƙwallo ce mai kyau, Kawu, irin wadda za ka ajiye shayinka ka miƙe tsaye. Haldorsen ya yar da katin ya taho har gabana ya ce, "Kai, wa ya nemi ra'ayinka? Da'ira ka gani ko ba ka gani ba?" Tun daga ranar nake ganin da'ira.

Shekara ta uku ke nan. Don Allah ka daina ce wa mutanen coci wai ina nan tafe. Ai na zo. Kai da ka ƙare ƙuruciyarka a bas daga wannan ƙauye zuwa wancan ba ka taɓa leƙa babban fili ba, ni ga ni a cikinsa, har da ruwan zafi a banɗaki. Wasa nake yi, kada ka fasa aiko mini gyaɗar nan.

Ka gaishe da Anti da Fasto da duk wanda ya tambaye ni.

Ɗanka,
Merrick

Janairu

Zuwa ga Kawu,

Ina gaishe ka, ina gaishe da Anti, da fatan kun shiga sabuwar shekara lafiya. Na ji ruwa ya sake cinye hanyar gona, Allah ya sa bai kai ga rumfar kaji ba. Albishirin da Shondra ta yi wa Anti gaskiya ne, muna sa ran haihuwa ƙarshen Agusta. Ku sa mu a addu'a.

Takardarka ta iso. Na aiko maka shafi uku ina neman shawara, ka aiko mini layi ɗaya: in je in buga. Ko gaisuwa babu. Na karanta wa Shondra ta yi dariya, ni kam ban yi ba, don maganar ba ta kai sauƙin yadda ka ɗauke ta ba.

Bari in sake jera maka yadda take. Mutumin sabuwar ƙaramar gasar nan ya kira ni ya ce za su yi wasa da bazara, lokacin da babbar gasa take hutu. Ƙananan garuruwa, tafiya a bas, kwana mutum bibbiyu a ɗaki, albashin da bai taka kara ya karya ba. Amma ni ne zan zama na ɗaya a wani kulob a Arkansas, wasa na gaske kowane mako, ba kati ba jar riga. Wallahi da ya faɗi haka sai da na ji tsigar jikina ta tashi. A makon ne kuma kulob ɗinmu ya ce yana so ya riƙe ni zuwa baɗi. Ba a haɗa biyun.

Kai da naku kake aunawa, kuma naku daban ne. A besbol babban kulob shi ke da ƙananan. In yaro bai nuna ba sai a tura shi ƙasa ya yi ta bugawa, ana kallonsa, ana gyara shi, ranar da ya nuna a ɗauko shi. Kai da kanka ka ce ko daren da kuka kwana a tashar mota kun san akwai mai rubuta sunayenku a can sama. Mu ba mu da ƙasa, Kawu. Daga jami'a sai sama ko gida. Manyan sun saba jami'o'i na raino musu yara a kyauta, don haka ba sa ganin dalilin gina wani wurin raino. Waɗannan ƙananan gasannin da kan ɓullo, wasu 'yan kasuwa ne ke kafa su da kansu, ba mai riƙe da su. Wakilina ya lissafo mini waɗanda suka tashi suka mutu tun kafin a haife ni, har na ce masa ya isa.

Na je na sami Haldorsen, don duk zafinsa ba ya ƙarya. Ya ce da shi ne ni, da ya so ya buga, wannan ba musu. Sai ya ƙara da cewa, "Amma ka sani, ranar da ka fita ƙofar nan da safe, kafin la'asar akwai wani a cikin rigarka." Ya ce nan kullum idon manya na kaina, can kuwa in na karye ba wanda zai ko ji labari.

Shondra ta ce duk inda na nufa tana biye, ko bas ɗin ne za ta shiga. Ba ta ambaci asibiti ba, amma na ga ta ɗauko katin inshorar kulob ta duba ta mayar cikin jaka. Ban tambaye ta ba.

Na sa hannu zan ci gaba da zama a kulob ɗinmu, Kawu. Na san ranka zai ɓaci. Dubose, abokina da muka zauna ɗaki ɗaya shekarar farko, wanda kulob ɗinsu ya sallama a Oktoba, shi aka ba wurin da aka yi mini tayi. Shi ba shi da abin da zai rasa. Ni ina da shi, ko ba haka ba? In za ka amsa, don Allah ka wuce layi ɗaya.

A gaishe da gida gaba ɗaya.

Ɗanka,
Merrick

Yuni

Kawuna,

Gaisuwa da fatan alheri. Yaya zafi, yaya jikin Anti? Shondra ta yi nauyi, ƙafafunta sun kumbura, amma likita ya ce komai daidai. Ta ce in gode wa Anti, bargon jaririn ya iso, kuma ta gane tsohuwar rigarka ta besbol a cikin ƙyallayen.

Ka ji labari ko? Ƙaramar gasar ta rushe ana tsakiyar kakar wasa. Dubose ya ce sun dawo daga atisaye suka tarar da jakunkunansu a ƙofar otal, aka ce kowa ya nemi hanyar garinsu. Da na ji, abin da ya fara zuwa bakina shi ne in rubuto maka in ce ka gani ko. Ga shi na rubuta, amma ban ji daɗin da na zata zan ji ba.

Na kalli duk wasannin da ya yi, a waya, ina ɓoye wa Shondra kamar mai kallon abin kunya. Na farkon, Kawu, abin tausayi. Aka yi ta kai shi ƙasa, ya yi ta miƙa wa abokan gaba ƙwallo, 'yan kallon da ba su cika benci ɗaya ba suna yi masa ihu. Na biyu ma haka. Amma ba wanda ya cire shi, don ba wani da za a sa. A hankali sai na ga ya fara jin mutum na tahowa ta bayansa ba tare da ya waiwaya ba. Ya fara duba nan, in ba hanya ya duba can. Wasansa na ƙarshe kuwa ban gane shi ba. Dubose ne fa, wanda nake cinyewa a gasar jifa da hannun hagu don in ba shi haushi.

Ya biyo ta nan a hanyarsa ta gida. An karya masa hanci, ya karkace, yana ta dariya da shi. Ya ce abincin otal ɗin ko kare sai ya yi tunani, albashin makon ƙarshe kuma har yau yana hanya, amma da za a sake buɗewa gobe da shi ne na farko a layi. Kafin ya bar gidanmu wayarsa ta yi ƙara, wani babban kulob ya ga wasanninsa yana so ya gwada shi. Yanzu haka ya samu, na biyu ne a can. Na rungume shi da zuciya ɗaya, Allah ya sani, sai dai bayan tafiyarsa na kasa cin abinci.

Akwai wani abu da ban gaya wa kowa ba sai kai. Shekaranjiya da yamma na fita bayan gida ina jifa cikin raga, Shondra na zaune tana shan iska. Ta kalle ni ta ce yau kuma wane ne ni. Na ce ni ne mana. Ta ce a'a, wannan tsayuwar ta dogon nan ce mai firji. Na gyara, ta ce wannan kuma Brandt ne. Na sake gyarawa, ta ce bahagon ne ya koma dama. Dariya take yi, ni ma na taya ta. Da ta shiga ciki na daɗe tsaye da ƙwallo a hannu ina neman yadda nake ajiye ƙafata a da, lokacin da kake zuwa kallona ranar Asabar. Ban tuna ba. In kana da tsohon bidiyona na jami'a, ka ba ɗan Fasto ya turo mini.

Allah ya bar mu tare.

Ɗanka,
Merrick

Disamba

Zuwa ga Kawu Cleophus,

Ina gaishe ku da kyau. Jaririyarmu Corinne na nan lafiya, ta fara dariya, kuma goshinka ne ta ɗauko sak, Allah ya ba ta haƙuri. Jikina da sauƙi, haƙarƙari ne kawai ke damuna in na yi tari. Ka ce wa Anti jinin da ta gani daga leɓe ne, ba wani abu ba.

Wannan karon ka gan ni. Na san duk Sawyer Bend ta gan ni, don an ce Fasto ya gajarta wa'azi saboda wasan. Abin da talabijin bai nuna maka ba shi zan gaya maka.

Na biyunmu ya goce kafaɗa tun makon da ya wuce, shi ya sa aka ba ni kayan wasa. Da Brandt ya faɗi bayan hutun rabin lokaci bai tashi ba, sai na ji ana kiran sunana. Na sa kwalkwali na shiga. Ban ji tsoro ba, ka yarda da ni, murna ce ma ta cika ni. Shekara huɗu nake jiran wannan kiran.

Aka miƙo mini ƙwallo, na ja baya, na ga wani ƙato ya ɓalle ya taho. Ka san abin da na yi? Tsayawa na yi. Jikina jira yake ya ja birki ya dafa kafaɗata a busa usur. Kaina ya san ba ranar Laraba ba ce, amma ƙafafuna ba su sani ba. Sai farkawa na yi ina kallon sama, ƙwallo na hannun wani.

Na tashi na ce to an wuce wannan. Sai jifa. Kafin a fara na sami idona yana laluben gefen fili, yana neman wanda zai ɗaga mini kati. Da ba kati, sai kaina ya zana nasa da'irar a kan mutum ɗaya, idona ya manne masa tun daga farko har na saki ƙwallo. Ban duba kowa ba. Mai tsaronsa kuwa ba yaro ba ne, idona kawai ya bi ya je ya tsaya yana jira. Sau biyu na yi haka, sau biyu ya cafke. A na biyun, da ya zo wucewa ta gabana sai ya bugi kwalkwalina ya ce, "Na gode, ɗan'uwa, sai ka ce atisayen Alhamis." Ihun da magoya bayan kulob ɗinmu suka yi mini bai yi mini zafi kamar wannan maganar ba, don gaskiya ya faɗa. Abin da aka koya mini ke nan, kuma na iya shi sosai.

Amma ka kalli ƙarshen wasan ko ka kashe talabijin? Ina roƙonka ka gaya mini gaskiya. An riga an cinye mu, mutane sun fara fita. Wani ya sake maka ni da ƙasa, bakina ya fashe, na ɗanɗani jini, sai raina ya ɓaci irin ɓacin da na manta ina da shi. Jifan da ya biyo baya na duba mutuminmu na farko, a tsare, na duba na biyu, a tsare, na ji iskar mutum a bayana na goce, na sami na uku a tsakiya, na jefa masa ya cafke. Na sake, ta shiga. Na sake, ta shiga. Ban san tsayuwar wa na yi ba, ban ma tuna da ƙafa ba. Muna dab da layinsu na cin maki lokaci ya ƙare. Na tsaya ina haki ina jin kamar yanzu ne ma ya kamata a fara.

Brandt ba zai warke da wuri ba, na biyun ma haka. Ke nan ranar Lahadi mai zuwa ba kowa sai ni, kuma da kulob ɗin su Dubose za mu kara. Karon farko zan yi mako guda ina atisaye a matsayin kaina. Ba na iya barci sosai, rabi kunya rabi ɗoki. Ka ce wa Fasto kada ya gajarta komai, addu'ar ya tsawaita.

Shondra na gaishe ku, Corinne ma da ta iya da ta gaishe ku.

Ɗanka,
Merrick

Disamba, bayan Kirsimeti

Kawuna,

Barka da Kirsimeti, da fatan kun yi shi lafiya. Na gode da gyaɗa, na kuma gode da takardarka. Shafi biyu cur, ban san kana da wannan yawan magana ba. Mu ma lafiya, sai dai gidan duk kwalaye ne.

Ka riga ka ga ba ni na buga ba. Ga yadda aka yi. Ranar Litinin Dubose ya kira ni yana ta kame-kame. A kulob ɗinsu na biyu ne ke yin kwaikwayo, don haka shi aka ce ya zama ni. Na yi dariya na ce to me aka ce ka yi? Ya ƙi faɗa, sai da na matsa. Ya ce kocinsu ya ba shi bidiyon da bai kai tsawon shan shayi ba, ya ce masa ba wani abin koyo, ya riƙe ƙwallo ya daɗe, ya zuba wa mutum ɗaya ido, ya jefa musu. Dubose ya ce ya nuna masa jifa ukun ƙarshe, kocin ya ce wannan ai an riga an gama wasa. Na ce masa ya yi aikinsa da kyau, kada ya ji komai.

Ashe ma wahalar banza ya yi. Washegari da na shiga ɗakin sa kaya na tarar da wani dattijo a kujerar kusa da tawa yana ɗaure takalmi. Tsohon mai jifa ne da ya yi ritaya shekara biyu da suka wuce, daga gonarsa aka ɗauko shi, har da tumbi. Mutumin kirki ne, ya miƙo mini hannu ya ce ya ga jifana na ƙarshe. Kafin azahar aka ce babban koci na nemana. Da na shiga ya ce an sallame ni.

Ban yi masa tsawa ba, Kawu, ka san tarbiyyar da ka yi mini. Wasa ɗaya kawai na roƙa. Ya ce ya san abin da ya same ni ba rashin hannu ba ne, rashin bugawa ne, kuma da zan sami wasa goma a jere da wataƙila wani mutum ne zai fito. Amma shi ma wuyansa na kan igiya, in ya sake faɗuwa sau biyu korarsa za a yi. Dattijon ko ba komai an san abin da zai yi, ni kuwa ba wanda ya sani. Ya ce, "Ranar Lahadi ba makaranta ba ce, Merrick." Na ce, "To ina makarantar take, Koci? Nuna mini in je." Sai ya ce Allah ya ba ni sa'a.

Ina kwashe kayana Haldorsen ya same ni. Ya ce in na haƙura kwana biyu za a iya mayar da ni cikin 'yan atisaye, don akwai bahago a gaba kuma ba shi da mai yi masa shi. Da kyakkyawar niyya ya faɗa, na sani. Na gode masa na ce a'a. Da na gaya wa Shondra ba ta ce na yi daidai ba, ba ta ce na yi kuskure ba, ta dai tashi ta fara naɗe kayan Corinne. Wakilina ya buga wa kowa waya. Ya ce duk wanda ya kira, rabin wasan nan ya gani, kuma ba wani wurin da zan je in nuna musu wani abu daban. Ana raɗe-raɗin wata sabuwar ƙaramar gasa nan da shekara biyu, in ta tabbata. Lokacin zubi biyu na sababbin yara sun fito daga jami'a a bayana.

Na karanta takardarka har na kusa haddace ta. Ka ce ka yi shekara bakwai a ƙananan filaye, aka yi ta jefo maka ƙwallo mai lanƙwasa kana dukan iska, har ranar da ka tabbatar wa kanka ba za ka taɓa iya ta ba, ka ɗauki jakarka ka dawo gida, kuma tun daga ranar barcinka kake yi har da minshari. Ka rubuta ne don ka lallashe ni, na gane. Amma Kawu, kishinka na ji. Kai an bar ka ka gwada har ka ji amsa. Ni rabin wasa aka ba ni, a cikinsa akwai mutumin da ya tsaya jiran usur, akwai kuma wanda ya yi jifa ukun nan, kuma zan tsufa ban san wanne ne ni ba.

Muna tafe ranar Asabar in Allah ya yarda, da motar haya da kayanmu. Ka ce wa Anti ɗakin baya ya ishe mu kafin mu sami wuri. Ranar Lahadi zan bi ku coci, ba zan ɓuya ba. Na san za su kewaye ka a bakin ƙofa kamar yadda suka saba. Alfarma ɗaya nake nema. In suka tambaye ka, kada ka ce musu an zalunce ni na iya, kada kuma ka ce na gwada ban iya ba. Ka ce musu ba a sani ba.

Sai mun iso. A gaishe da Anti.

Ɗanka,
Merrick